Haƙƙin Wanda Ake Kallo

Hausawa sun ce gani ya kori ji, sun kuma ce tafiya mabuɗin ilimi. Da waɗannan karin magana biyu na yi guzuri ranar da na tafi kallon dutsen Ijen, a can ƙarshen gabashin tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, cikin watan Agusta na shekarar 2019. A lokacin ina ɗalibi a birnin Malang, ban kuma ɗauki tafiyar a bakin komai ba illa hutun kwana biyu bayan an gama jarrabawa. Na dawo da hotuna masu yawa da kuma wata tambaya wadda har yau ban gama warware ta ba. Idan mutum ya biya kuɗi ya je kallon wani wuri, ya tarar da mutane a cikin wurin suna shan wahalar neman abinci, shin kuɗinsa ya saya masa kallonsu su ma? In kuwa bai saya ba, me ya rataya a wuyansa?

Ya kamata in fara bayyana wurin, domin wanda bai san kyansa ba ba zai gane yadda ido ke ruɗuwa a cikinsa ba. Java tsibiri ne mai yawan ruwan sama, mutanensa sun haura miliyan 150, kuma duwatsu masu aman wuta sun jeru a tsakiyarsa tun daga yamma har gabas. Tokar da suka daɗe suna amayarwa ita ta sa wa ƙasar albarka, shi ya sa duk inda ka duba sai gonakin shinkafa da rake da gahawa. Ijen yana kan iyakar gundumomin Banyuwangi da Bondowoso. A ƙwanƙolinsa, wanda tsayinsa ya wuce mita 2,300, akwai wani wawakeken rami, a cikin ramin kuma akwai tafki mai faɗin kusan kilomita 1 da zurfin kusan mita 200. Ruwansa shuɗi ne mai ratsin kore, mai ɗaukar ido, amma asid ne zalla, har masana suna cewa babu tafkin asid irinsa da ya kai shi girma a duniya. Kogin da ke fita daga cikinsa ma Banyupahit ake kiransa, wato ruwa mai ɗaci. A gefen tafkin, iskar farar wuta tana ɓullowa daga tsagogin dutse da zafin da kan kai digiri 600, da zarar ta haɗu da iskar sarari sai ta kama ci da wata irin wuta shuɗiya. Ba a ganin wannan wuta sai cikin duhu, saboda haka masu yawon buɗe ido da tsakar dare suke hawa. A 2023 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin wuraren da take karramawa saboda muhimmancin halittar ƙasarsu.

Ni da wani abokina ɗan asalin Java, wanda muke aji ɗaya, muka kama hawa daga sansanin Paltuding wajen ƙarfe 2 na dare. Tafiyar kusan kilomita 3 ce zuwa bakin ramin, ga sanyi, ga tudu mai cin gwiwa. Ba mu yi nisa ba sai muka iske waɗansu mutane tsaye da 'yan amalanke masu tayoyi biyu, suna kiran, "Taksi, Mas, taksi!" Mas ita ce kalmar da suke kiran namiji da ita cikin ladabi. Abokina ya bayyana mini cewa duk wanda ya gaji yana iya hawa, mutum biyu su ja da igiya, ɗaya ya tura, har su kai shi sama. Raina ya ɓaci. Na ce masa ni ba zan zauna ɗan Adam ya ja ni kamar jaki ba. Ya yi shiru muka ci gaba da tafiya, sai can ya ce da ni, "Yawancinsu masu haƙar farar wuta ne. Abin da za ka biya su ya fi abin da za su samu in sun wuni a cikin hayaƙi. Ka ƙi hawa, ka ji daɗin zuciyarka, su kuma sun koma rami." Ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita.

Daga bakin ramin muka sa takunkumin hayaƙi da muka ɗauko haya, muka fara gangarawa ta wata siririyar hanya mai duwatsu, wadda a wurare da yawa mutum biyu ba sa iya giftawa. Muna da yawa ƙwarai, Turawa da Sinawa da 'yan ƙasa, kowa da tocila a goshi. Da muka isa ƙasa na ga wutar. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Tana malala a jikin dutse kamar ruwa, shuɗiya shar, hayaƙi na lulluɓe ta yana yayewa. Na tsaya baki buɗe, na manta da sanyi da gajiya.

A hanyar komowa sama, gari bai gama wayewa ba, na ji wani ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ a bayana. Na waiwaya sai na ga wani dattijo siriri, ɗauke da kwanduna biyu a kafaɗa waɗanda aka haɗa da sandar gora, cike da manyan dunƙulen farar wuta ruwan ɗorawa. Gorar ce ke kuka saboda nauyi. Ba shi da takunkumi, wani jiƙaƙƙen ƙyalle ne ya cije a baki. Hayaƙi na tashi a bayansa, hasken asuba ya fara dukan gefen fuskarsa. Kafin in yi wani tunani hannuna ya riga ni, na ɗaga waya na ɗauke shi hoto, hasken wayar ya dalle masa ido. Ya tsaya cak, domin na tare hanya, ya zare ƙyallen ya ce, "Permisi, Mas." Ma'anarta, a gafarce ni in wuce. Wato shi, mai kaya a wuya, a wurin sana'arsa, shi ne yake neman izini a wurina, ni da na zo jiya kuma zan tafi yau.

Na matsa gefe cikin kunya. Da muka fito bakin ramin na same shi ya sauke kayan yana hutawa. Na je na durƙusa na gaishe shi da ɗan yaren da na koya, na kira shi Pak, wato baba, na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba komai, ya saba. Ya nuna mini sandar ya ce in gwada. Na sa kafaɗa na yunƙura da iya ƙarfina, kwandunan ko motsi ba su yi ba. Irin wannan kaya yakan kai kilo 70 zuwa 90, wani lokaci ya fi nauyin mai ɗaukarsa. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake wannan haƙa ba tare da injin kirki ba. An kafa bututai a bakin tsagogin, iskar ta bi ta cikinsu ta huce, ta ɗigo tana ja kamar jini, ta daskare ta koma ruwan ɗorawa, sannan a farfasa ta da sandar ƙarfe. Mai ƙarfi yakan yi sawu biyu a rana. A lokacin da na je, kuɗin kilo 10 a wurin sikeli bai kai dala ɗaya ba. Da ya janye wuyan rigarsa domin ya share gumi na ga kanta a kafaɗarsa, ta yi tudu kamar tozo.

Ganin wannan kanta ya mayar da ni gida, domin na santa tun ina yaro. Mahaifina ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, da buhunan da ya ɗauka aka biya mini kuɗin makaranta. Ina da kamar shekara goma, wata rana na kai masa abinci, sai ga wani baƙo Bature da na'urar ɗaukar hoto. Ya tsaya a gaban Baba yana tafe da buhu a ka, ya ɗauka sau biyu ko uku, ya yi murmushi ya wuce. Ni murna na yi, ina ganin an ɗaukaka mu. Da dare na ji Baba yana ba mahaifiyata labari, bai yi zagi ba, bai ce an cuce shi ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ko sallama bai yi ba." Na yi shekaru ban gane nauyin wannan magana ba, sai ranar da na tsinci kaina a kan wani tsibiri mai nisa, ni ne baƙon da bai yi sallama ba.

To, me ya kamata mai kallo ya yi? Amsa ta farko da ta zo mini ita ce kada a je. A bar mutane da wahalarsu, kada a mayar da ita abin nishaɗi. Wannan amsa tana da kwarjini, kuma ita ce ta hana ni hawa amalanke. Amma da na auna ta sai na ga ta fi amfanar mai kallo fiye da wanda ake kallo. Zuwan baƙi ne ya buɗe wa masu haƙar nan ƙofofin da ba su da su a da. Wasu sun zama 'yan rakiya, wasu suna ba da hayar takunkumi, wasu suna zuba narkakkiyar farar wuta a ƙananan mazubai su fitar da siffar kunkuru ko fure su sayar. Duk wanda ya samu ɗaya daga cikin waɗannan ya rage shaƙar hayaƙin da ke cin huhu da haƙora. Idan baƙi suka ɗauke ƙafa saboda tausayi, dattijon nan ba zai daina shiga rami ba, sai ma ya ƙara sawu. Bugu da ƙari, ƙin zuwa ba ya wanke hannun kowa. Wani kaso na wannan farar wuta masana'antun sukari ake kai wa domin a faranta sukari da ita, ni kuwa kowace safiya ina zuba sukari a shayina a Malang. Ashe tun kafin in gan shi muna da alaƙa, rashin ganinsa ne kawai ya ɓoye mini ita. Marubuciya Ba'amurkiya Susan Sontag, a littafinta na 2003 game da kallon azabar wasu, ta yi gargaɗin cewa tausayi kan zama hanyar da mutum ke shaida wa kansa cewa shi ba shi da laifi. Irin wannan tausayi ne na nuna wa masu amalanke.

Amsa ta biyu kishiyar ta farko ce. Tunda zuwanka yana kawo kuɗi, ka je, ka biya, ka kalli abin da ka ga dama. Ai da yawa daga masu haƙar sukan tsaya a ɗauke su hoto a ba su 'yan kuɗi ko karan sigari, ciniki ne tsakanin baligai biyu. Wannan ma tana da gaskiyarta, kuma ba ni da hurumin raina abin da mutum ya zaɓa ya sayar. Sai dai akwai abubuwa biyu da take tsallakewa. Na farko, cinikin ba na tsara ba ne. Wanda ke samun abin da bai kai dala ɗaya ba a kan kilo 10 ba ya cikin halin da zai ce a'a ga mai riƙe da wayar da ta fi abin da yake samu a wata. Yardarsa yarda ce, amma ba ta ɗauke wa mai saye nauyin yin adalci ba. Na biyu, ribar hoton ba a bakin rami take ƙarewa ba. Hoton yakan tafi mujallu da tallace-tallacen kamfanonin yawon buɗe ido da shafukan Instagram, ya jawo wa mai shi suna ko kuɗi, mai kayan kuwa yana nan da karan sigarinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina nufin kowane hoto cin amana ne ba. A 2005 wani mai shirya fim ɗan ƙasar Ostiriya, Michael Glawogger, ya fitar da fim game da masu aikin ƙarfi a ƙasashe daban-daban, a ciki akwai masu haƙar Ijen, akwai kuma mahautan wata mayanka a Fatakwal. Na kalle shi bayan na dawo. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya bar mutanen suna hira da juna, suna raha, suna maganar abin da ya dame su, har ma ya nuna baƙi suna ɗaukar su hoto. Wanda ya kalli fim ɗin zai fito ya san cewa waɗannan mutane ne masu baki. Hotona kuwa ya rufe wa dattijon baki. Na haɗa shi da hayaƙi da dutse da hasken asuba, na mayar da shi wani ɓangare na kyan wurin, kamar yadda tafkin yake ɓangare.

A nan nake ganin laifin yake. Kallo a kan kansa ba laifi ba ne, ido don gani aka yi shi, kuma kawar da kai daga wahalar mutum sau da yawa ya fi kallonta muni. Laifin shi ne a kalli mutum da irin idon da ake kallon dutse. Dutse ba ya jin an kalle shi, ba shi da mutuncin da zai zube, ba a neman izininsa. Mutum kuwa yana kallonka kamar yadda kake kallonsa, yana da ra'ayi game da yadda yake so a gan shi. Masanin falsafa Bajamushe Immanuel Kant ya kafa hujja tun 1785 cewa bai halatta a riƙi ɗan Adam a matsayin abin biyan buƙata kawai ba. Mahaifina bai taɓa jin sunan Kant ba, amma ya taƙaita zancen a kalma ɗaya. Sallama ita ce shaidar cewa ka san akwai mai wuri, kuma ka ba shi damar ya amsa ko ya ƙi. Wanda ya shiga gida babu sallama, ko bai ɗauki tsinke ba, ya riga ya ɗauki wani abu.

Yawon buɗe ido yana da wata ɗabi'a da ke sa a manta da wannan. Tikitin da ka saya a ƙofa yakan sa ka ji kamar an shirya wurin ne dominka, kamar dandalin wasan kwaikwayo, duk abin da ke ciki kuma kayan wasa ne. Wannan ruɗu ba mutanen wurin kaɗai yake cutarwa ba. Ijen dutse ne mai rai. A watan Maris na 2018 ya busa iska mai guba wadda ta kai mazauna ƙauyukan gefensa da dama asibiti, aka kuma rufe shi na wani lokaci. A watan Afrilu na 2024 wata baƙuwa daga ƙasar Sin ta faɗa cikin ramin ta rasu a lokacin da take tsaye a bakinsa ana ɗaukar ta hoto. Ba na ambaton ta domin in zarge ta, ni ma na tsaya a irin wannan baki da waya a hannu. Ina ambaton ta ne domin idon da ya ga dattijo a matsayin ado shi ne idon da ke ganin bakin rami a matsayin wurin tsayawa hoto. Duk biyun sun manta cewa abin da ke gabansu na gaske ne.

Idan aka tambaye ni haƙƙin wanda ake kallo, zan ce abubuwa ne ƙanana, kuma ƙanƙantarsu ce ke sa a raina su. Ka yi sallama kafin ka ɗaga waya, in ya ƙi ka haƙura. Ka ba mai kaya hanya, domin tsayawa da kilo 80 a kan gangara ta fi tafiya da shi wuya, kuma kowane daƙiƙa da ka tsare shi daga ƙarfinsa ka ci. In za ka biya, ka biya a matsayin haƙƙi, kada ka miƙa kamar sadaka, kada kuma ka tsaya ja-in-ja a kan abin da ba zai sayi kofin gahawa a garinku ba. In ka gaji ka hau amalanke, ka hau ba tare da girman kai ba, ka gode, ka san cewa aiki ne aka yi maka kamar yadda direba ke yi. In ka koma gida ka ba da labarin duka. Wanda ya nuna wa mutane shuɗiyar wuta ya ɓoye musu kantar kafaɗa ya yi ƙarya, ko da kowane hoto nasa gaskiya ne. Na san waɗannan ba za su ƙara farashin farar wuta ba, ba za su kuma sayi takunkumi ga kowane mai haƙa ba. Wannan aikin hukuma ne da masu sayen kayan da su kansu ma'aikatan. Amma wanda bai iya sallama ba, ban ga yadda zai tsaya wa wani a kan babban haƙƙi ba.

Akwai abin da ya rage mini wanda ban warware ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kafin mu rabu da dattijon na nuna masa hoton da na ɗauka, na tambaye shi ko in goge. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Na yi kama da mara lafiya. Ɗauki wani, Mas." Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara hularsa, ya cusa ƙyallen a aljihu, ya matsa nesa da kwandunan, ya tsaya ƙyam yana murmushi. Na ɗauka. Ya duba ya ce wannan ya yi. Na biya shi, muka yi musafaha, ya sa kafaɗa ya ɗaga kayansa ya kama gangara.

Ban goge na farkon ba. Na ce a raina zan goge in mun sauka, da muka sauka na ce sai mun isa Malang. Duk wanda na nuna wa hotunan biyu na farkon yake yabawa, wani ma ya ce in shigar da shi gasa. Ni kaina na san ya fi faɗin gaskiya game da aikin, domin na biyun bai nuna hayaƙi ko nauyi ba, mutum ne kawai tsaye a kan dutse. Ga shi na ce mai kallo ya ba da labarin duka, ga shi kuma mai labarin ya zaɓi abin da yake so a gani. Tsakanin gaskiyar wahalarsa da ikonsa a kan fuskarsa, wanne ya fi cancanta a bi? Abin da na iya yankewa shi ne, wahalar zan iya faɗinta da baki da alƙalami, kamar yadda na yi a nan, ba tare da na ari fuskarsa ba. Fuskar tasa ce. Saboda haka na daina nuna na farkon, ban kuma shigar da shi ko'ina ba, ko da yake har yanzu yana cikin wayata.

Da na dawo Kano na wanke na biyun na kai wa Baba, wanda yanzu ya tsufa ya bar dako. Na ba shi labarin tun daga amalanke har zuwa sikeli. Ya riƙe hoton nesa da idonsa yana dubawa, ya tambaye ni kilo nawa na ce mutumin yana ɗauka. Na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya kai hannu ya shafa wuyansa, sannan ya ce, "Ka dai gaishe shi ko?" Na ce na gaishe shi, amma sai bayan na riga na ɗauka. Bai ce komai ba. Ya miƙa wa mahaifiyata hoton ya ce ta ajiye masa a cikin akwati.